Gani Ya Kori Ji? Dalilin da Ya Sa Nake Koya wa 'Yan Sakandare Karatun Fim

'Yar'uwa, ki yi mini wani ɗan lissafi kafin mu shiga magana. Daga Asabar ɗin da ta wuce zuwa yau, awa nawa ɗanki ko ɗiyarki suka yi suna karanta littafi, awa nawa kuma suka yi suna kallon abu mai motsi a waya? Ki haɗa da fassarar Indiya, da shiri mai dogon zango, da gajerun bidiyon TikTok, da abin da ake turowa a zauren WhatsApp na dangi. Na san yadda lissafin zai fito, domin ni ma uwa ce, kuma a gidana ma haka yake fitowa. Shekara goma sha biyu muke sayen littafi da biro don yaro ya iya karanta baƙi a takarda. Hoto mai motsi kuwa, wanda ya fi cin lokacinsa, mun bar shi ya koyi karatunsa shi kaɗai.

Ni haifaffiyar Tozai ce, a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, can ƙasar Gobir kusa da iyakar Nijar. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankinmu. Mu da muka tashi a Tozai ba mu san gidan sinima ba. Kallonmu na ƙuruciya shi ne a taru a gidan mai janareta a sa kaset, wanda ya samu kusa da talabijin ya gode Allah. Yanzu kuwa shagon caji ɗaya mai faifan sola ya isa ya cika wa yaro memori da fina-finan da zai yi wata yana kallo, da kuɗin da bai kai na kwanon gero ba.

Shi ya sa na ware wani ɓangare na darasin wasan kwaikwayo nake koya wa ɗalibaina yadda ake karanta fim, da yadda ake haɗa ɗan gajere. Wata uwa ta taɓa tare ni a gidan suna ta ce, "Malama, mun aiko ɗiyanmu boko, ke ko kina gwada musu fim?" Tambayarta tana kan hanya, kuma na san da yawa daga cikinku za ku yi irinta. Ga amsar da hayaniyar gidan suna ba ta bar ni na ba ta cikakkiya ba.

Darasi ne da ake cin jarrabawa da shi a wasu ƙasashe

A Ingila, ɗalibi mai shekara 14 zuwa 16 yana iya zaɓar nazarin fim a cikin darussan da zai rubuta a jarrabawar GCSE, kamar yadda namu ke zaɓar tarihi ko adabi. A tsarin hukumar jarrabawa ta Eduqas, kashi 70 cikin ɗari na makin yana fitowa daga rubutacciyar jarrabawa kan fina-finan da aka nazarta. Sauran kashi 30 kuwa aikin hannu ne: ɗalibi ya ɗauki gutsuren fim na minti biyu zuwa biyu da rabi, ko ya rubuta labarin fim na kalmomi 800 zuwa 1000, sannan ya rubuta sharhi ya bayyana dalilin kowane zaɓi da ya yi.

Mu a nan babu darasi mai wannan suna a jerin darussan WAEC da NECO. Amma ƙofar a buɗe take. Duk wadda ta yi Hausa a sakandare ta san adabi ya kasu gida uku: zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Ta san ana tambayar jigo, da zubi da tsari, da salo, da halayen taurari. Wasunku sun karanta Uwar Gulma, wasu Jatau Na Kyallu, wasu Kulɓa Na Ɓarna, wanda daga baya aka mayar da shi fim. Awon da muke yi wa wasa a takarda, shi ne dai za a yi wa wasa a waya. Abin da ya ƙaru shi ne ido da kunne: inda aka ajiye kyamara, inda aka yanke, da abin da kiɗa ke yi wa zuciya.

Fuska ɗaya, labari uku

Da wannan gwaji nake fara darasin kowace shekara. Wajen shekarar 1920, wani mai shirya fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa, ba dariya ba kuka. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton akwatin gawa, ya sake haɗa ta da hoton wata mace. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintar ɗan wasan: a nan yunwa yake ji, a nan baƙin ciki, a nan kuma so. Alhali fuskar guda ce, ko gira bai ɗaga ba.

Na maimaita shi da wayata. Na roƙi wani ƙanena ya kalli bango na daƙiƙa biyar, na ɗauke shi. Na haɗa da kwanon tuwo, na haɗa da makara a jingine a bangon masallaci, na haɗa da jaririn da ke barci a tabarma. Na raba ajin gida uku, kowane rukuni ya ga ɗaya. Na farko suka ce mutumin nan ya kwana bai ci ba. Na biyu suka ce mahaifinsa ne ya rasu, har wata ta rantse ta ga hawaye ya taru a idonsa. Na uku suka ce sabon uba ne, murna ta hana shi magana. Da na jera musu ukun a tare, ajin ya kaure da musu, sannan ya yi tsit.

A wannan shirun darasin yake. Yaro ya gane da kansa cewa abin da ya rantse ya gani, wani ne ya ɗora masa shi ta hanyar jera hoto bayan hoto. Hausawa suka ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a zamanin da mutum ke gani da idonsa yana tsaye a wurin. A waya kuwa, da idon wani kike gani, kuma shi ya zaɓi inda zai duba.

Daga nan nake ba su tambayoyi huɗu su rubuta a bangon littafinsu. Wa ya riƙe kyamarar, kuma a ina ya tsaya? Me aka bari a waje, ko me aka yanke? Me sautin ke so in ji a raina? Wa zai ci riba idan na yarda, ko na tura wa wani?

A wurinmu maganar rai ce

Wadda ke zaune a Kano ko Kaduna tana iya ɗaukar wannan a matsayin ƙarin wayewa. Mu a gabashin Sakkwato ya wuce haka. Kin san halin da Isa da Sabon Birni ke ciki shekarun nan: ƙauyuka sun watse, dubban mutanenmu sun tsallaka jihar Maraɗi, manomi na biyan haraji ga wanda ba hukuma ba kafin ya shiga gonarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu bindigar nan ba bindiga kaɗai suke riƙewa ba. Suna riƙe da waya, kuma sun iya aiki da ita.

A ƙarshen watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato. Aka fitar da bidiyonsa yana hannunsu yana roƙon a cece shi, sannan a watan Agusta labarin kashe shi ya zo. Allah ya jiƙansa da rahama. Ban taɓa nuna wannan bidiyo a aji ba, kuma ba zan nuna ba. Amma da na tambaya, kusan babu ɗalibin da bai gan shi ba, wasu a wayar iyayensu mata. Sai muka ɗora masa tambayoyin nan huɗu ba tare da mun kalle shi ba. Wa ya riƙe kyamarar? Wanda ya kama shi. Don wa aka ɗauka? Don mu. Me ake so mu ji? Cewa idan rawani bai tsira ba, talaka ba shi da mafaka. Wa ya ci riba da kowace turawa? Wani yaro da ke zama a layin baya ya ce, "Ashe mu munka yi musu aikin kyauta." Ban ƙara komai a kan maganarsa ba.

Haka sauran bidiyoyin da suke saki. Ki lura da yadda ake jera mutane a cika hoton da su har ba a ganin ƙarshensu, yadda ake ɗauko mai magana daga ƙasa don ya yi girma, yadda ake tura bakin bindiga kusa da kyamara. Mutum ashirin suna iya zama runduna idan mai ɗauka ya san inda zai tsaya. Yaron da ya san haka ba zai daina jin tsoro ba, domin haɗarin na gaske ne. Amma zai iya raba tsoron da ya dace da wanda aka ƙera masa.

Akwai kuma bidiyon ƙarya, wanda ya fi yawa. A watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato har da namu, mun ga yadda jita-jita ke gudu da ƙafa. Da layi ya dawo, sai ta samu mota. Wata safiya aka yi ta yawo da wani bidiyo na gidaje suna ci da wuta, an rubuta a ƙasa cewa wani ƙauye ne kusa da mu, daren jiya. Mata sun fara ɗaure kaya. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta karɓi wayar yayarta ta duba sau biyu, ta zo ta same ni ta ce, "Malama, wanga ba wurinmu ba na. Dubi haki ɗanye shar, mu ko muna cikin bazara. Ga ayaba bayan gidaje. Kuma matar da ke kuka, ba Hausa ba ta, ba Hillanci ba ta." Yarinyar ba ta da wata manhaja ta bincike. Ido ne da kunne da aka koya wa tsayawa.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin jihar Filato, an yaɗa hotuna a Facebook ana cewa na kisan da ake yi ne a lokacin. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu, bidiyon wani mutum da aka sara a kai, daga ƙasar Kongo yake tun 2012. Kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an kashe matafiya. Mu da muke zaune Hausawa da Fulani kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, auratayya tun kakanni, kuma zaman ya riga ya yi tsami, hoto ɗaya na ƙarya ya isa ya sa a far wa mai tallar nono da ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Gobir

Idan aka ce nazari, wasu na ɗauka abin Turawa ne. Ki tuna yadda dattawanmu ke sauraron Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Ba sa barin baiti ya wuce haka nan. Wannan zambo da wa ake? Wannan habaici ina ya dosa? Me ya sa ya ambaci wane bai ambaci wane ba? Sai a kwana ana warware waƙa ɗaya a bakin zaure. Mutanen da suka iya tankaɗe waƙa haka ba za a ce musu nazari baƙo ne ba. Kunnenmu ya daɗe da gogewa, idonmu ne aka bari a baya.

Su ma hukumomi sun daɗe da sanin fim malami ne. Tun zamanin En'e motar majigi ke shiga garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili, mai sharhi na tsaye yana bayani, ana koyar da tsafta da noma. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai. Daga baya muka fara yin namu: Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim a 1976, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan kasuwar da ake kira Kannywood ta buɗe. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, ga Daɗin Kowa, ga Labarina, ga Izzar So a YouTube. Fim ya shekara da shekaru yana koyar da 'ya'yanmu yadda ake soyayya, yadda ake magana da miji, irin gidan da ake kira arziki. Malami ne da ba ya fashi, kuma babu wanda ke duba littafin darasinsa.

Minti biyu, waya ɗaya

Karatu kaɗai ba ya zaunar da abin. Sai yaro ya yanka da hannunsa yake yarda cewa ana yankawa. Don haka a zango na biyu nake raba su biyar-biyar: marubuci, mai ba da umarni, mai ɗaukar hoto, mai kula da sauti, da mai haɗawa. Fim ɗin kada ya wuce minti biyu. Ba a taɓa waya sai an kawo mini labarin a rubuce, shafi ɗaya, da ingantacciyar Hausa mai ƙugiya a inda ƙugiya take, sannan a zana akwati shida a nuna abin da za a gani a kowace fitowa. Da wayata ake ɗauka, a haɗa da CapCut a gabana. A ƙarshe kowa ya rubuta shafi ɗaya: me ya sa kuka sa wannan bayan wancan? A cikin makin aikin aji nake lissafa shi.

Dokokina ba su da sassauci, kuma ina karanta wa iyaye su tun farko. Ba a ɗaukar fuskar kowa sai da izininsa, yarinya kuwa sai da izinin gidansu. Ba a ɗaukar hanyar shiga gari, ko wurin jami'an tsaro, ko garken dabbobin wani, ko duk abin da zai nuna wa mugu inda dukiya take. Ba rawa, ba waƙar soyayya. Ba a ɗora komai a intanet. Fim ɗin a wayata yake kwana, a aji ake kallonsa, iyaye na da damar zuwa su gani.

Za ki yi mamakin abin da ke fitowa a cikin wannan ƙuncin. Wani rukuni ya ɗauki hannuwan wata tsohuwa kawai tana aikin fura, daga surfe zuwa kirɓi zuwa mulmula, ba a ga fuskarta ba ko sau ɗaya, sautin taɓarya ne kiɗan. Wasu yara maza suka bi albasa daga fadama zuwa buhu, suka gano da kansu cewa iskar hunturu na cinye magana, dole a matso da waya kusa da baki a kare ta da hula.

Wanda ya fi zama mini a rai na wata yarinya ne da iyayenta suka baro ƙauyensu suna haya a ɗaki ɗaya. Makulli ta ɗauka, rataye a ƙusa a jikin bango. Kyamarar ba ta motsa ba. Abin da ake ji kawai muryar mahaifiyarta ce tana lissafa itatuwan da ke gidansu na can: tsamiya a ƙofar gida, magarya bayan ɗaki, kurna kusa da rijiya, da dogon yaron da maigidan ya dasa shekarar da aka haifi yarinyar. Babu bindiga, babu jini, babu kuka. Da aka gama babu wanda ya iya tafi. A takardar sharhinta ta rubuta cewa ba ta nuna ƙofar da makullin ke buɗewa ba, domin ba su san ko tana nan ba.

Yarinyar nan a jarrabawar insha'i ba ta cika rabin shafi. A wannan aikin ta rubuta shafi biyu, ta dawo ta ce a ƙara mata takarda. Na ga irin haka sau da yawa. Yaron da ke gudun rubutu yakan zauna ya gyara jimla sau biyar idan ya san wani zai furta ta a gaban kyamara. Suna koyon tsara lokaci, da sauraron juna, da haƙurin maimaita abu har ya yi kyau. Ko ba su sake taɓa kyamara ba, waɗannan sun bi su.

"Kada ɗiyata ta zama 'yar fim"

Na san wannan ce damuwar da ke ƙasan zuciyarki, kuma ba zan raina ta ba. Al'ummarmu ta daɗe tana kai ruwa rana da harkar fim. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. A 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar shirya fina-finai a Kofa, ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka ƙi, aka fasa. Uwa tana da hujjar yin taka-tsantsan.

Ga abin da na gani da idona. Yarinyar da ta taɓa haɗa fim ta fi wuyar ruɗuwa da fim. Ta san hasken fuskar jaruma aikin fitila ne da tacewa. Ta san katafaren gidan nan aro ne na yini ɗaya. Ta san kukan da ya sa ta kuka, kiɗan da aka shimfiɗa a ƙasa ne ya ja shi. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ta san abin da aka ɗauka ba ya mutuwa, kuma daƙiƙa goma sun isa a yanke a ɗora wata murya a kai, balle yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke kwaikwayon muryar mutum. Ɗalibaina mata su ne ke fara jan mayafi su kauce idan wani ya ɗaga waya a wurin biki. Ba ni na ce su yi ba. Sun san abin da mai haɗawa ke iya yi, domin sun zauna a kujerarsa.

Idan kuma Allah ya sa wata tana da baiwar, ki sani aikin fim ba fitowa gaban kyamara kaɗai ba ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta zama marubuciyar da ake karantawa har a jami'o'in waje, kuma ita ta rubuta ta shirya Juyin Sarauta. A maƙwabtanmu Nijar akwai Aicha Macky, 'yar Damagaram, wadda a 2016 ta yi fim na gaskiya kan raɗaɗin rashin haihuwa, abin da mata da yawa ke haɗiyewa su mutu da shi, har ya ci kyautar AMAA ta Afirka. A 2021 ta sake yin wani kan matasan unguwar Kara-Kara ta garinsu. Akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos, ƙarƙashin hukumar fina-finai ta Najeriya wadda aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a Janairun 2024. Hanyar karatu ce mai takarda, kamar kowace.

Amma ni ba 'yan fim nake ƙerawa ba. Muna koya wa kowane yaro insha'i ba don kowa ya zama marubuci ba, sai don kada a rubuta masa takarda ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba.

Abin da za ki iya yi a ɗakinki

Ba sai kin jira manhajar gwamnati ba, kuma ba sai kin yi boko mai zurfi ba. Daren yau idan kuna kallon shirin da kuka saba, ki kashe sautin na minti ɗaya, ki tambayi yaran me suka fahimta. Ki mayar da sautin, ki rufe hoton da hannu, ki sake tambaya. Ki sa su ƙirga sau nawa hoto ya canza a minti ɗaya. Ki tambaye su: me ya sa kullum kishiya ko uwar miji ce muguwa? Me ya sa mai faɗa da wawa a fim sau da yawa da harshen ƙauye ko Sakkwatanci yake magana, mai hankali kuma da Kananci? Wa ya yanke haka? Za ki ji amsoshin da ba ki zata ba, kuma za ki san abin da ke cikin kan ɗanki fiye da yadda faɗa zai nuna miki.

Idan bidiyon tashin hankali ya shigo wayarki, kafin yatsanki ya kai ga turawa, ki kira babban cikin yaran ku duba tare, in dai ba mai nuna gawa ko wulaƙancin wani ba ne. Irin wannan share shi ya fi. Ku duba yanayin gari, damina ce ko rani. Ku saurari harshen da ake yi a baya. Ku duba irin gini da sutura da lambar abin hawa. Yaron da ya ga uwarsa tana tsayawa ta bincika, shi ma zai tsaya.

A taron iyaye da malamai kuma, ki ɗaga hannu ki tambayi malamin Hausa ko na Turanci ko zai iya ware darasi biyu a zango don wannan. Ba ya bukatar ɗakin kwamfuta. Waya ɗaya, allo, da dokoki masu tsauri sun isa.

Yau idan kika rubuta Isa ko Sabon Birni a wurin bincike, abin da zai fito miki hayaƙi ne da gawa da mutum mai bindiga yana magana. Kusan duk hoton da duniya ke da shi na ƙasarmu, ko wanda ya zo kashe mu ne ya ɗauka, ko baƙon da ya zo bayan an kashe mu. Kufan Alƙalawa na nan, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yawancin yaranmu ba su taɓa ganin ko hotonsa ba. Tsofaffin da suka san sunan kowace fadama da kowace rijiya suna ƙarewa a ɗakunan haya. Ina fatan ranar da hanya za ta yi lafiya, a samu yaran da suka iya riƙe kyamara da ladabi da ilimi, su je su ɗauko mana waɗannan kafin su shuɗe. Waɗanda za su yi wannan aikin suna aji huɗu da aji biyar yanzu, wasunsu a ɗakinki suke kwana.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Idan kin gwada kashe sautin nan da yaranki, ki rubuto mana a ƙasa abin da suka ce.